Gurasa Biyar: A Zahiri Ko A Alamance?

Yesu ya ciyar da mutum 5,000 da gurasa biyar da kifi biyu, har aka kwashe ragowa kwando 12. Masu ɗaukar nassi a zahiri sun ce haka ta faru, ba ragi ba ƙari. Majalisar Vatikan ta Farko, babban taron shugabannin Cocin Katolika, a 1870, ta yi tir da mai da mu'ujizan Littafi Mai Tsarki tatsuniya.

Masu karatun alama kuwa ma'ana suke tonowa. A wurinsu kwandunan nan kabilun Isra'ila 12 ne, gurasar tana tuno manna, abincin da Allah ya ba Isra'ilawa a jeji, tana kuma nuni ga Jibin Ubangiji, wato gurasa da ruwan inabin da Kirista ke ci da sha don tunawa da Yesu. Wannan karatu yana ratsa ni ƙwarai. Paparoma Pius XII ma, a 1943, ya ƙarfafa malamai su lura da salon kowane littafi, domin waƙa daban, tarihi daban.

Inda na ja daga shi ne masu cewa taron ne kawai suka fito da guzurinsu suka rarraba. Nassin bai faɗi haka ba. Cocin Katolika na koyar da cewa ma'anar ruhaniya a kan ta zahiri take tsayawa, tashin Yesu daga matattu kuwa ta riƙe shi abin da ya auku a tarihi.