Fadar Lamido ko Ofishin Firefe?

Idan rikicin gona ya taso a ƙauyukan Garwa ko Marwa da ke arewacin Kamaru, ina manomi zai nufa? A takarda, amsar mai sauƙi ce. Firefe, wato babban jami'in gwamnati mai kula da yanki, shugaban ƙasa ne ya naɗa shi daga Yawunde, hatimi na hannunsa, jandarmomi na bin umarninsa. Dokar 1977 ta raba sarakunan Kamaru gida uku, ta mayar da su mataimakan hukuma kawai, har ma gwamnati ce ke tabbatar da naɗinsu.

Amma je ka ƙofar fada da hantsi ka ga cincirindo. Lamido ya gaji sarautar da ta samo tushe tun zamanin Modibbo Adama, wanda ya karɓi tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Ya san kakan mai gonar, ya san wanda ya ari fili da wanda ya saya. Yana da alƙali, yana da dogarai, lawanai da jauro-jauro, wato dagatai da masu unguwanni, suna kawo masa labarin kowane lungu. Firefe kuwa baƙo ne, sau da yawa ko Fulatanci ba ya ji, bayan 'yan shekaru a ɗauke shi.

Masarautar Rai Buba ta fi ko'ina nuna wannan. Can, kalmar Baba, wato Lamidon Rai Buba, kan riga takardar ofis isa ƙauye.

Ni dai fada zan fara zuwa, ko da yake hukuncinta ba shi da hatimi, kuma talakan da ya saɓa wa dogari ba shi da wurin kai kuka kusa. In maganar ta kai ga takardar mallakar fili, dole a koma ofis.