Littafin hotunan Alpha Jet ga masu haɗa ƙananan jirage: abin da ya ba ni da abin da ya rage

Takardar da ke zuwa cikin kwalin ƙaramin jirgin sama na roba da ake haɗawa da hannu aikinta ɗaya ne: ta ce maka lamba kaza ta shiga lamba kaza, ka sa gam, ka shafa fenti. Ba ta gaya maka wane launi ne cikin ramin taya, ko ta ina tiyon birki ya bi ya sauka, ko yadda ɗamarar kujerar matuƙi take kwanciya idan ba kowa a kai. Wannan giɓin ne ya sa ake buga littattafan da mai hoto zai zagaye jirgi ɗaya tun daga hanci har wutsiya, yana ɗaukar kowane lungu. Kamfanin Squadron/Signal na Amurka ya daɗe yana fitar da irinsu, yanzu kuma Turawan Yamma da na Gabas sun shigo kasuwar da takarda mai sheƙi da hotuna masu launi zalla.

Wanda nake magana a kansa na Alpha Jet ne, jirgin soja na koyar da matuƙa da kai farmaki, wani kamfani a Turai ya buga shi, ƙanena ne ya taho min da shi saboda kuɗin aikowa ta gidan waya ya kusa kamo kuɗin littafin kansa. Shafinsa ya haura ɗari, bango mai laushi, rubutu kaɗan, hoto kuwa har ka gaji. Na saye shi ne don ina haɗa samfurin kamfanin Kinetic a ma'aunin 1/48, wato an rage tsawon jirgin gaske sau 48, kuma so nake ya fito da tambarin kore-fari-kore na sojin saman Najeriya. A wannan ma'auni, fukafukan da suke mita 9.11 a jirgin gaske sun dawo wajen santimita 19. Duk abin da za ka ƙara, da ɗan hantsaki da madubin ƙara girma za ka yi shi.

In fara da inda littafin ya biya kuɗinsa. Mazaunin matuƙi. Alpha Jet mutum biyu yake ɗauka, ɗaya gaba ɗaya baya, na bayan an ɗan ɗaga shi sama don malami ya riƙa hangen gaba ta saman kan ɗalibi, kuma gilashin da ya rufe su babba ne, komai na ciki a fili yake. Mai hoton ya shiga ya zauna, ya ɗauki allon agogunan gaba, ya juya dama da hagu, har da ƙasan ƙafa. Akwai shafukan da aka ciro kujerar tsira, wadda ke harba matuƙi waje idan jirgi zai faɗi, gaba ɗaya aka ajiye a rumfar gyara, aka ɗauke ta gaba da baya da gefe. A nan ne za ka ga cewa kujerar jiragen Jamus, ta kamfanin Stencel, daban take da ta kamfanin Martin-Baker da Faransa da Beljiyam suka saka. Ba ƙaramin bambanci ba ne, daga nesa ma siffar abin jingina kai ta isa ta nuna. Na ɗauki siririyar wayar tagulla daga tsohuwar cajar waya na yi tiyon iskar shaƙa, ina kallon hoton ina lanƙwasawa, kuma ya zauna.

Sai ƙafafu. Fiffiken wannan jirgi a kafaɗa yake, don haka manyan tayoyin ba cikin fiffike suke naɗewa ba, cikin gefen jiki suke shiga. Ramin cike yake da tiyo da wayoyi, kuma robar kwali ba ta kawo ko rabinsu. Littafin ya ba wannan wuri shafuka da yawa, da haske mai kyau, ba irin hotunan intanet da za ka ga baƙin rami kawai ba. Haka birkin iska guda biyu, farantan da ke buɗewa a bayan jirgin kusa da gindin wutsiya don rage gudu: an ɗauke su a buɗe, ka ga launin ciki da sandar da ke tura su. Injinan jirgin biyu, ƙirar Larzac, su ma an nuna su a waje, a kan keken makanikai. Gaskiya wannan ɓangaren kallo kawai na yi na wuce, domin a samfurin ba abin da ke fitowa sai bakin bututun hayaƙi. Amma launin ƙonewar ƙarfen bakin, wanda ba baƙi ba ne kuma ba azurfa ba, daga nan na kwaikwayo shi.

Abin da ya fi amfanar mutum irina shi ne yadda aka jera nau'i biyu gefe da gefe. Faransa da Jamus ne suka yi haɗin gwiwa, ta hannun kamfanonin Dassault-Breguet da Dornier, jirgin ya fara tashi a 1973. Faransawa jirgin koyarwa suke so, nasu shi ne nau'in E mai dunƙulallen hanci, wanda ƙungiyar wasan sama ta Patrouille de France take tashi da shi tun 1981. Jamusawa na kai farmaki suke so, nasu nau'in A mai tsinin hanci, da bindigar Mauser milimita 27 a ƙarƙashin ciki, inda na Faransa ke ɗaukar DEFA milimita 30. Kwalin Kinetic ya zo da hanci biyun, zaɓi ya rage naka. To namu fa? Guda 24 da Najeriya ta samu a shekarun 1980 masu dunƙulallen hanci ne. Daga baya, wajen 2015, lokacin da yaƙin Arewa maso Gabas ya yi zafi, aka ƙaro wasu tsofaffin na Jamus masu tsinin hanci. Ke nan kafin ka sa gam a hanci, sai ka tsai da shawarar wane jirgi kake yi, na wace shekara. Littafin ba zai yanke maka wannan ba, amma da zarar ka yanke, zai nuna maka duk inda biyun suka rabu.

Yanzu ga inda raina bai so ba. Kusan dukkan hotunan jiragen Turai ne: Faransa, Beljiyam, Fotugal, da tsofaffin na Jamus. Na gane dalili, can ne ake buɗe wa mai kyamara ƙofa, a nan kuwa ka je bakin sansanin sojin sama na Kainji da kyamara ka ga yadda za ta kaya. Amma duk da haka, jirgin da ya yi aiki da ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma, a Laberiya da Saliyo a shekarun 1990, wanda aka girke a Yamai a 2013 saboda rikicin Mali, wanda ya kwashe shekaru yana shawagi a kan Sambisa, a ce rabon ƙasashen Afirka a littafin bai wuce 'yan hotuna daga nesa a shafukan ƙarshe ba? Kamaru da Togo da Maroko da Masar duk sun saya. Idan ana maganar inda Alpha Jet ya ga yaƙi na gaske, ai nahiyar nan ce, ba sararin samaniyar Faransa ba.

Wannan rashi a wajen fenti yake cizo. Jiragen da ke cikin littafin tsaf suke kamar motar da aka fito da ita daga wanki ranar ɗaurin aure. Jirgin da ya sha ranar Maiduguri da ƙurar hunturu ba haka yake ba: fentin ɓad-da-kama yana koɗewa a saman fiffike da bayan jiki, ƙura tana maƙalewa a layukan da faranti ya haɗu da faranti, inda makanikai ke takawa yana gogewa. Don wannan sai na koma hotunan da rundunar sojin sama take sakawa a shafukanta na Facebook da X, da na 'yan jarida ranar bukukuwa. Ba su da kaifi, amma launin gaskiya ne. Tambari da lambar wutsiya ma sai da na nemi sitikar daban.

Wani ƙaramin ƙorafi: ɗaurin littafin na gam ne, ba ya kwanciya a buɗe a kan tebur. Hannu ɗaya na riƙe da burushi, ɗaya da jirgi, wa zai danne shafi? Kwalbar fenti nake ɗorawa, abin da ba na ba kowa shawara. Kuma babu zanen ma'auni ko ɗaya. Mai son auna tsawon hanci ko matsayin sandunan rataya makamai huɗu na ƙarƙashin fiffike sai ya nemi wani littafin. Rubutun ƙarƙashin hotuna dai gajeru ne kuma a kan hanya, wanda Turancinsa bai yi nisa ba ma zai bi.

Wa ya kamata ya saya? Idan 1/72 kake haɗawa, wanda ya fi 1/48 ƙanƙanta, kuma gilashin a rufe za ka bar shi, riƙe kuɗinka ka sayi fenti mai kyau da samfefa, rabin abin da ke littafin ba zai ganu a jirginka ba. Idan 1/48 ne, kana son buɗe gilashi da birkin iska, ka cika ramin taya da waya, to saya, ba ka yi asara ba. In kuna da yawa a gari ɗaya masu wannan sha'awa, ku haɗa kuɗi ku sayi ɗaya, domin ba littafin karantawa kullum ba ne, na lokacin aiki ne. Nawa yanzu yana hannun wani abokina a Kaduna da ke yin na Kamaru, shi ma kukansa ɗaya da nawa: launin.