Daren resilin a wani gidan kallo na Tudun Wada

Gidajen kallo a Zariya na ƙwallo ne. Daga Sabon Gari har Samaru, in ba Firimiya ba to Laliga, mai son resilin kuwa sai dai ya koma wayarsa. Amma akwai wata rumfar kwano a Tudun Wada da ta ware dare ɗaya a mako, bayan sallar isha'i, don resilin zalla. Naira 200 ake biya a ƙofa. Majigi ɗaya ne, sai benci, sai fankoki biyu da ɗayarsu ta daɗe da yin ritaya. Yawanci maimaici ake nunawa, domin wasannin da ake yi a Amurka sai ƙarfe ɗaya ko biyun dare suke farawa a agogonmu. Waɗanda WWE, babban kamfanin resilin na Amurka, ke kaiwa Saudiyya tun 2018, a Jidda da Riyad, su ne ake samu kai tsaye, tunda awa biyu kawai suka riga mu.

Allon ba wani abin a zo a gani ba ne. Abin da ke cika rumfar shi ne ƙanin mai gidan, wani siririn matashi da ke rage muryar Turawan ya ɗauki makirfo ya yi sharhi da Hausa. Ba fassara yake yi ba. Dokokin wasan yake warware wa mutane, kuma ba ya ɓoye cewa an riga an tsara wanda zai ci. Wani dattijo mai gyaran keke da ba ya fashin zuwa ya taɓa tare shi: “Kai yaro, to jinin da muke gani fa?” Ya ce, “Baba, jinin na gaske ne, faɗuwar ma ta gaske ce. Sakamakon ne kawai aka rubuta.” Dattijon bai gamsu ba, har yau kuma bai daina zuwa ba.

Mu da muka tashi da dambe, inda gwiwa ko hannu ya taɓa ƙasa an yi kisa, abu na farko da ke ɗaure mana kai shi ne a maka mutum da ƙasa sau goma kuma wasa bai ƙare ba. A nan sai an danne kafaɗunsa biyu a dandamali, rafali ya buga ƙasa sau uku. Ɗaga kafaɗa ɗaya ya isa ya ɓata ƙirgen. Ko kuma a murɗe shi har ya bubbuga hannu alamar ya sallama. Idan wanda aka riƙe ya kai hannu ko ƙafa ga igiya, dole a sake shi, kuma mai riƙon yana da ƙirge biyar kafin a kore shi. Shi ya sa za ka ga mugun ɗan wasa ba ya saki sai an ce huɗu. Wanda ya fita waje kuwa goma ake ƙirga masa.

Inda mai sharhin ya fi burge ni shi ne batun bel, wato kambun zakara. A ƙa'ida, bel ba ya barin hannun mai shi idan an kore shi saboda saɓa doka ko ƙirgen goma ya cika yana waje. Ya faɗi wasan, amma kambunsa na nan. Saboda haka duk lokacin da mai bel ya ji wuya ya fara waige-waige, sai yaron ya ce, “Jama'a ku dubi kujerar can, yanzu zai nemi a kore shi.” Minti ɗaya bai cika ba sai ka ji ƙarar kujera a gadon baya, rumfa ta kaure da ihu. Haka a wasan bibbiyu: taɓa hannun da ɗan wasa ke yi don abokinsa ya karɓe shi, in rafali bai gani ba, ba a yi shi ba. Duk makircin da ake ƙullawa a wannan wasa a kan idon rafali yake, shi ya sa yaron ke yawan cewa mu bar kallon ƙattin mu kalli mai riga zebra.

Yakan tsayar da hoto ya mayar baya a hankali. A nan na ga yadda wanda za a ɗaga sama yake dafa cinyar mai ɗaga shi ya yi tsalle da kansa, da yadda suke faɗuwa a shimfiɗe, haɓa a manne da ƙirji, hannuwa a buɗe suna marin dandamali don nauyin ya bazu. Ƙarar da ake ji idan an yi harbi da ƙafa a fuska kuwa, sau da yawa mai harbin ne ya mari cinyarsa. Ya nuna mana Tombstone na Undertaker: an juya mutum kai ƙasa, amma kan yana sama da gwiwoyin Undertaker, su ne ke dukan ƙasa. Sannan ya kawo na 1997, ranar da Owen Hart ya yi wa Steve Austin irin wannan kayen amma ya faɗi a zaune, kan Austin na leƙowa ƙasa, ya ji masa rauni a wuya har ya kasa motsi na ɗan lokaci. Daga baya kamfanin ya taƙaita wannan kayen, ya bar shi ga mutane kaɗan irin su Undertaker da Kane. Bambancin bai wuce faɗin tafin hannu ba.

Daren Royal Rumble ya fi kowane cika. Mutum 30, ana shigowa ɗaya bayan ɗaya, kuma ba ka fita sai an jefa ka ta kan igiyar sama ƙafafunka biyu sun taɓa ƙasa. Duk shekara sai an roƙi yaron ya sake saka na 2012, inda Kofi Kingston, haifaffen Gana, ya yi tafiya da hannuwansa ƙafa a sama har ya koma dandamali. Omos da Oba Femi, 'yan Legas, ko mugunta suke yi tafi ake musu.

Aibin wurin ba kaɗan ba ne. Idan aka ɗauke wuta, janaretan na jikin bangon hagu ne, wanda ya zauna can ba zai ji komai ba, don haka a nemi dama. Zafi kuwa a watan Afrilu sai mai haƙuri. Ranar da babban wasan ƙwallo ya faɗo a daren, resilin ya sha ruwa, ba kuma sanarwa. Shi kansa mai sharhin, da yake ya riga ya kalla, wani lokaci bakinsa na suɓucewa ya faɗi wanda zai ci, kuma son da yake wa Roman Reigns ya yi yawa. Abin da ya fi damuna shi ne yara ƙanana da ake bari su shiga. Da an tashi za ka gan su a bakin kwata suna shaƙe juna, su ba katifa ba, ba horo ba. Na yi wa mai gidan magana, ya ce, “Malam, in na hana su ta ƙofa, ta jikin kwano suke leƙe.”

Na kuma roƙe shi ya riƙa kawo na Japan, inda ashirin ake ƙirga wa wanda ya fita waje. Ya ce dikodarsa ba ta kamawa, amma in na samo a filashi zai saka.