Zuƙe kitse ko yanke curi: wanne ya dace da namijin da nononsa ya girma?

Wani ɗan'uwa mai shekara 26 ya ce tun yana balaga nononsa ya fito, ya yi motsa jiki ya rage ƙiba amma abin bai gusa ba. Wani likita ya ce a zuƙe masa kitse, wani ya ce sai an yanka, shi ne yake neman bambancin.

Malam, kafin a zaɓi aiki sai an san abin da ya cika ƙirjin. Kwanta rigingine, ka matso nonon da babban yatsa da manuni daga gefe zuwa tsakiya. Idan yatsun sun haɗu a ƙarƙashin kan nono babu abin da ya tare su, kitse ne kawai. Idan kuwa ka ji wani curi mai ƙarfi kamar roba, zagaye daidai a bayan baƙin da'irar da ke kewaye da kan nono, wannan naman nono ne na ainihi, wanda ke girma idan sinadarin mata istirojin ya rinjayi na maza testostiron. Tunda ka rage ƙiba bai tafi ba, mun fi zaton kana da curin. Yawancin maza suna da duka biyun.

Zuƙe kitse aiki ne ta ƙaramar kafa, milimita 3 zuwa 4, a gefen ƙirji ko a gindin nono. Ana fara ɗura ruwan gishiri da aka haɗa da lidokain mai kashe zafi da adrenalin mai takura jijiyoyin jini, sannan a zura siririn bututun ƙarfe a riƙa tsotso kitsen. Tabonsa kaɗan ne, kuma yana daidaita gefunan ƙirji har zuwa hammata. Gazawarsa ita ce bututun ba ya iya cin curi mai tauri. Idan aka kwashe kitsen da ke kewaye aka bar curin, kan nonon yakan ƙara tsini fiye da da, domin abin da ke ɓoye shi ya tafi. Wannan shi ne babban dalilin da ke sa maza komawa tiyata karo na biyu.

Yankewa kuwa ana yin ta ne a gefen ƙasa na baƙin da'irar, rabin zagaye, daidai inda launin fata ya sauya don tabon ya ɓuya. Likitan fiɗa Webster ne ya bayyana wannan hanya a 1946, har yau ita aka fi bi. Ta nan ake raba curin da fata da kuma tsokar ƙirji a ciro shi. Gwanintar likita tana bayyana ne a abin da ya bari: sai an bar nama mai kaurin kusan milimita 5 zuwa 10 a bayan kan nono. In aka kwashe duka, kan nonon ya lotsa ya manne da tsoka, ya zama kamar kwarmi musamman in mutum ya ɗaga hannu, gyaransa kuma ya fi aikin farko wahala. In aka bar da yawa, tudun yana nan. In fatar ta yi siriri ƙwarai jini ya kasa isa, wani ɓangaren kan nonon na iya mutuwa.

Matsalar da ta fi faruwa bayan yanka ita ce taruwar jini a ramin da curin ya bari, galibi cikin awa 24 na farko: gefe guda ya kumbura, ya yi tauri, ya yi zafi. Wannan ba abin jira ba ne, a koma asibiti a kwashe shi. Saboda haka ne wasu likitoci ke barin robar fitar da jini na kwana ɗaya ko biyu. Dusashewar ji a kan nono takan biyo baya, yawanci ta dawo cikin watanni. Mai jikin da tabo ke yi wa tudu ya faɗa wa likita tun da wuri, domin fatar ƙirji tana cikin wuraren da hakan ya fi aukuwa.

A ganinmu, ga mai curi da kitse tare, haɗa biyun a zama ɗaya ya fi: a fara zuƙe kitsen a daidaita gefuna, sannan a ciro curin ta ƙaramin yanka. Zuƙewa kaɗai ta mai kitse zalla ce wanda fatarsa ke da ƙarfin komawa. Idan nonon ya yi girma har ya zube, dole a rage fata, tabon kuma zai fi tsawo, gara ka san haka tun kafin ka sa hannu.

Jinya kusan ɗaya ce: rigar matse ƙirji dare da rana mako 4 zuwa 6, babu ɗaukar nauyi a wannan lokaci, kuma ainihin siffar ba ta fitowa sai bayan wata 3 zuwa 6. A daina taba sigari aƙalla mako 4 kafin aiki, a kuma sanar da likita in ana shan asfirin.

Kada a yarda a yi aiki ba a nemi musabbabi ba. Magunguna irin su spironolactone, cimetidine, finasteride da efavirenz suna jawo shi, haka allurar ƙara tsoka ta masu ɗaga ƙarfe, da ciwon hanta, ciwon ƙoda, ko ƙari a maraina. Wanda ya ci gaba da allurar bayan tiyata, ɗan naman da aka bari zai sake girma. Yaro mai balaga a ba shi lokaci, domin yakan baje da kansa cikin shekara 2. Kai kuwa naka ya daɗe ya yi tauri, maganin tamoxifen da ke taimakawa a watannin farko ba zai narkar da shi ba.

Idan curin gefe guda ne, mai tauri kamar dutse, ba a tsakiya yake ba, ko kan nonon ya shige ciki ko yana fitar da jini, sai an yi hoto an ɗebi ɗan nama an gwada don tabbatar da ba ciwon daji ba ne, kafin a yi maganar gyaran siffa.