Makunnin jita na Switchcraft mai hawa uku, ya ci kuɗinsa amma a duba kafin a saya

Duk mai jita irin samfurin Les Paul ko SG, wato mai fikof biyu (na'urar maganaɗisun nan da ke ƙarƙashin tsarkiya tana ɗaukar sautinta) da ɗan makunnin nan da ake turawa sama da ƙasa, in dai makunninsa ya fara ɗauke sauti ko yana ƙarar ƙwaras ƙwaras in an taɓa shi to ni dai shawarata ya daina wahalar da kansa da na araha ya nemi na Switchcraft ya huta. Shi na sa a tawa, kuma tun daga lokacin har wasu abokan kiɗa sun kawo min nasu na sa musu, babu wanda ya dawo da ƙorafi. Sai dai akwai abubuwan da mai sayarwa ba zai tsaya gaya maka ba, musamman wajen haɗa wayoyin, shi yasa nace bari in zauna in rubuta.

Jitata ba wata mai suna bace, kwaikwayon Les Paul ce irin waɗanda ake shigowa da su ta Legas, katakonta da wuyanta ba laifi wallahi, amma kayan wutan cikinta sai a hankali. Makunnin da ta zo da shi irin mai ɗan akwatin nan ne a rufe, ba ka ganin komai a ciki, hunturu ɗaya ƙura ta shige shi shikenan sai ka tura shi wajen fikof na wuya kaji shiru, sai ka girgiza ka ɗan bubbuga sannan sauti ya dawo, kuma a wajen biki ana tsakiyar rawa ba lokacin bubbuge bubbuge bane. Ka fesa masa mai wanke kayan lantarki ya yi sati biyu ya koma gidan jiya, tunda ba ka da hanyar kaiwa inda dattin yake.

Switchcraft kamfani ne na Amurka, a Chicago yake tun 1946, kuma makunninsu ne Gibson suka daɗe suna sawa a Les Paul ɗinsu. Abin da ya bambanta shi da na akwati shine a buɗe yake, wasu ƴan ƙarafa ne sirara kamar ganye guda huɗu jere, biyu a kowane gefe, kana ganinsu da idonka. In sandar tana tsakiya duk a manne suke, fikof biyun na aiki tare. In ka tura ta gefe guda, gindin sandar sai ya ture ganye ɗaya ya raba shi da ɗan uwansa, wancan fikof ɗin ya fita daga layi ɗayan ya rage. Iyakar aikin kenan fa, babu wani siddabaru. Kuma kyansa kenan, don ranar da ya fara wasa za ka iya zura ƴar takarda mai tsafta tsakanin bakin ganyen ka ja a hankali ta goge dattin, ko ka ɗan lanƙwasa ganyen da filaya ya koma ya matse. Dan Allah kar a sa sanfefa, kar kuma a ɗiga masa baƙin mai, na taɓa buɗe wata jita na tarar an yi mata haka, ƙura ta bi man ta daskare ta zama tamkar kwalli.

A hannu ma daban yake. Yana da ɗan tauri, in ka tura kana jin ya faɗa mazauninsa ƙwas, ba ya lilo. Wasu za su ce ya musu tauri da farko, ni kam haka nake so, don hannu na yawan bugunsa in kiɗa ya yi zafi kuma mai laushi sai ya sauya maka fikof ba ka sani ba.

To kafin ka biya kuɗi ka buɗe murfin bayan jitarka ka duba zurfin ramin, don kala uku ne ake yawan samu. Akwai dogo miƙaƙƙe wanda shine na Les Paul mai kaurin jiki, akwai gajere miƙaƙƙe, akwai kuma mai kwana kamar harafin L wanda ake sawa a jita mai siririn jiki irin SG. In ka sayi dogon ka kai wa siririyar jita murfin ba zai rufu ba. Sannan zaren notinsa a ma'aunin inci yake irin na Amurka, su kuma jitocin China da Koriya da Indonesiya yawanci na milimita ne, saboda haka tsohon notinka da ƴar hular robar kan sandar ba za su hau sabon ba, ka tabbata an haɗo maka da nasa. In saman jitar mai kauri ne sosai har wuyan makunnin bai leƙo waje da kyau ba akwai noti mai zurfi da ke nutsewa cikin ramin ya kamo shi, shi ma daban ake sayarwa wani lokacin. Masu bin salon Agadas kuwa, waɗanda ke riƙe da Stratocaster irin ta makaɗin Nijar Mdou Moctar, wannan makunnin ba naku bane sam, naku mai zamewa ne hawa biyar kuma haɗinsa daban.

Yanzu haɗin wayoyi, inda yawancin mutane ke kwafsawa. A dogon miƙaƙƙen za ka ga ƙafafu huɗu sirara a gefe ɗaya, da ƙafa ɗaya mai kauri a ɗaya gefen. Biyun tsakiya sai ka matse su da filaya su haɗe ka liƙe su da dalma wuri guda, daga nan waya za ta tafi soket inda kake soka kebul. Biyun gefe kuma ɗaya na fikof na wuya ne ɗaya na wanda ke kusa da jaki, wato ƙarfen da tsarkiya ke hawa a jikin jitar. Mai kaurin ita ce ta ƙasa, wato earth, ita ke haɗuwa da bayan ƙarfen boliyom da ƙafar earth ta soket, in ka manta da ita jita za ta yi ta gurnani kuma in ka taɓa makunnin gurnanin ya ƙaru. Wanda bai haɗe biyun tsakiyar nan ba ya liƙa a ɗaya kawai, zai ga fikof ɗaya ne ke magana ya ɗauka makunnin ne ya zo a lalace.

A tsarin Les Paul fikof ba ya zuwa makunni kai tsaye, sai ya fara shiga boliyom ɗinsa, yawanci mai 500k, wato ohm dubu 500, daga ƙafar tsakiyar boliyom ɗin ne waya ke hawa zuwa makunni, sannan ta sake saukowa zuwa soket. Kaga tafiya ce mai ɗan nisa ta cikin ramin da aka huda a katako, shi yasa dole wayar ta zama mai rigar ƙarfe a jikinta, ba irin jar wayar da ake cirowa daga tsohuwar caja ba. Kuma wata dabara, kafin ka zaro tsofaffin wayoyin ka ɗaura musu zare a wutsiya, in sun fito zaren na cikin ramin sai ka ja sababbin da shi. Ka kuma ɗauki hoton tsohon haɗin da wayarka kafin ka narka komai.

Wace ƙafa ce ta wuya wace ce ta jaki? Kar ka tsaya canka kuma kar ka dogara da yadda tsohon yake, don na akwatin wani lokaci a juye suke. Ka ɗauko mitar awon lantarki irin ta masu gyaran rediyo ka sa ta a wajen da take ƙara in waya ta haɗu, ka tura sandar gefe guda ka gwada wace ƙafar gefe ce ke haɗe da na tsakiya, ka yi mata alama da biro. A al'ada sama shine na wuya, inda aka rubuta Rhythm a zoben robar, ƙasa kuma Treble na wajen jaki. In ka gama liƙi ka soka kebul ka auna bakinsa da mita, boliyom duk a buɗe. Irin fikof ɗin nan masu naɗi biyu na gargajiya za ka ga kowanne wajen 7k zuwa 9k, in ka dawo tsakiya kuma ya faɗo kusan rabi, wajen 4k, to haɗi ya yi. Sai ka kunna amfilifaya ka ɗan ƙwanƙwasa kan kowane fikof da bakin sukundireba kaji wanne ke amsawa a kowane hawa, tun kafin ka ɗaure murfi.

Wani abu da nake so a gane, in kana tsakiya ka rufe boliyom ɗaya gaba ɗaya duka biyun za su yi shiru. Ba laifin makunni bane, haka tsarin yake tun asali. Haka nan in ka ji sautin tsakiya ya zama siriri ta hanci kamar mai mura alhali kowane fikof shi kaɗai lafiya lau yake, to wayoyin fikof ɗaya ne a juye, suna cin junansu. Yana yawan faruwa in an haɗa fikof na kamfanoni biyu, don launin wayarsu ba ɗaya bane. A fikof na Seymour Duncan baƙa ce mai ɗauke da sauti, koriya da tsirarar su tafi ƙasa, ja da fara a haɗe su a naɗe. A DiMarzio kuwa ja ce mai sautin, baƙa da fara ake haɗewa. Akwai masu son wannan siririn sautin da gangan ma, Les Paul ɗin makaɗin Birtaniya Peter Green da shi ta yi suna, amma gara ace kai ka zaɓa.

Maganar dalma, ayan na liƙi, wato ƙarfen narka dalma, mai wat 40 ya isa, da dalmar rediyo siririya mai ƙaro a cikinta, banda irin ruwan asid ɗin masu liƙin bokiti don yana cin ƙarfe a hankali. Ƙafafun sirara nan da nan suke kamawa, mai kaurin ce ke shan zafi sai ka ɗan kankare ta ka fara shafa mata dalma ita kaɗai kafin ka kawo waya. In ba ka saba ba kai wa mai gyaran rediyo, hannunsu ya fi namu iya liƙi nesa ba kusa ba, amma ka zana masa haɗin a takarda ka zauna a wajen don ba lallai ya taɓa buɗe jita ba. In kuma babu wuta ya ce zai gasa ƙarfensa a gawayi to ka ce masa a bari NEPA ta kawo, zafin wancan ba shi da linzami, kuma a shimfiɗa tsumma a kan fentin jitar.

Kuɗi fa yana da su. A shagunan intanet na waje da dala ake sayensa, ka ɗora kuɗin kawowa da yadda canji yake yanzu, kaga za ka sayi na kasuwa da yawa da wannan kuɗin. Amma araha ba ta ado, kuma wanda ke kiɗa ana biyansa ya san abin da ɗaukewar sauti a gaban jama'a ke jawowa. Wanda jitarsa ke rataye a ɗaki yana koyo da ita da yamma, makunninsa kuma lafiya yake, ya bar kuɗinsa ya sayi tsarkiya sabuwa. Kuma kar wani ya ce maka zai gyara maka sauti, makunni ba ya ƙara daɗin jita, wuta yake bari ta wuce ko ya tare ta. In ka ji sauti ya washe bayan ka canza to tsohon ne dama ya yi datti yana shaƙe shi.

Tunda a buɗe yake ƙura na iya sauka a kansa, saboda haka murfin baya ya zauna daram da sukurorinsa duka, jita kuma a mayar da ita jaka in an gama musamman daga Nuwamba zuwa Fabrairu. In an tashi sa maka ka ce a sauya soket ɗin ma a zama ɗaya tunda an riga an buɗe ciki ayan kuma na da zafi, shi ma sau da yawa daga can ƙarar take fitowa a ɗora wa makunni laifi.