Rigakafin ciwon hanta nau'in B: mai allura biyu ko mai uku?

Kafin ka biya kuɗin kowace allura, fara yin gwajin jini. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kusan kashi 8 cikin 100 na manya a Najeriya suna ɗauke da ƙwayar cutar, kuma rigakafi ba ya warkar da wanda ya riga ya kamu.

Idan jininka ya fito lafiya, zaɓi biyu ne a gabanka, kuma bambancinsu yana cikin sinadarin da ake haɗawa don zaburar da garkuwar jiki. Tsofaffin irinsu Engerix-B gishirin alminiyam suke amfani da shi. Allura uku ce: yau, bayan wata ɗaya, sai a wata na shida. Ta ukun nan ce mutane suke mantawa da ita, katin asibitin ya ɓace a aljihun wata riga.

Heplisav-B, wadda Amurka ta amince da ita a 2017, tana ɗauke da CpG 1018, guntun DNA da aka haɗa a ɗakin gwaji mai kama da na bakteriya. Ba ya taɓa ƙwayoyin gadonka. Wani mai gadi a cikin ƙwayoyin garkuwa, TLR9, shi ke ganinsa ya ɗauka maƙiyi ya shigo, sai a saki sinadarin intaferon, mai faɗakar da sauran garkuwar jiki. Irin wannan ƙararrawa takan tayar har da ƙwayoyin T masu kashe duk ƙwayar jikin da cuta ta shiga, abin da alminiyam ba ya iyawa sosai. Allura biyu ce cikin wata ɗaya. A babban gwajin da aka yi, ta kare kusan kashi 95, tsohuwar kuma 81. Ga masu ciwon sukari tazarar ta fi faɗi, 90 da 65.

A ganina, mai ciwon sukari, dattijo, ko ma'aikacin asibiti da ke gaggawa, sabuwar ta fi dacewa da shi, in ya same ta kuma aljihu ya ɗauka, don ta fi tsada. Amma ta 'yan shekara 18 zuwa sama ce. Jariri kam tsohuwar zai karɓa cikin awa 24 da haihuwa, kyauta a asibitin gwamnati.

Duk wadda za a yi maka, duba lambar NAFDAC, kuma ka ga an ciro kwalbar daga firiji a gabanka.