Manhajar tsara kicin: ta yi mini amfani, amma sai da tef a hannu

Kicin ɗina faɗinsa mita 2.4 ne, tsawonsa mita 3, da taga ɗaya. Kafin in kira kafinta na gwada wata manhaja ta kyauta da ake zana kicin a kwamfuta. Kana saka awon bango, ƙofa, soket da bututun ruwa, sai ta tsayar maka da ɗakin kamar an gama aiki.

Inda ta fi burge ni shi ne wajen buɗe ƙofofi. A takarda komai ya zauna daram, amma da na danna ƙofar firji sai ga ta ta tokare da bango, ba za a iya zaro tiren ƙasa ba. Durowar kusurwa kuma tana cin karo da hannun oben. Irin wannan ba a ganewa sai an ɗaura katako, kuɗi sun riga sun fita.

Tana kuma auna tazarar da ke tsakanin murhu, wurin wanke-wanke da firji, tsarin alwatikan nan da aka fito da shi a Jami'ar Illinois ta Amurka a shekarun 1940: kowane gefe kada ya gaza mita 1.2, kada ya wuce 2.7. Da kabad mai zurfin santimita 60 a bango biyu, hanyar tsakiya ta tsaya a 120, daidai yadda mutum zai sunkuya ya buɗe oben ba tare da ya bugi abin da ke bayansa ba. Ƙanƙantar wuri ba sabuwar matsala ba ce. Kicin ɗin da mai zanen gine-gine Margarete Schütte-Lihotzky ta zana wa gidajen birnin Frankfurt na Jamus a 1926 faɗinsa mita 1.9 ne kacal.

Abin da ban ji daɗinsa ba, manhajar tana son cika ko'ina da kabad, har ta cinye filin da ke tsakanin murhu da famfo, alhali nan ne ake yanka da haɗa komai. Na cire ɗaya na bar santimita 80 fili. Ba ta kuma damu da inda hayaƙi zai fita ba, kuma a wurinta kowane bango miƙaƙƙe ne. Nawa ya ɗan karkace, shi ya sa nake ba da shawarar a auna ƙasa, tsakiya da sama, a saka mafi ƙanƙanta.

Kafinta ya karɓi zanen ya yi aiki da shi, gyara ɗaya kawai ya yi a kusurwa.